Matsanancin Fushi

Matsanancin fushi shi ne hasalar da ke fin ƙarfin mai ita, ta kai shi ga zagi, duka ko fasa kaya a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan nadama ta biyo baya. Fushi a karan kansa ba cuta ba ne. Yana zama abin kai wa likita ne idan ya riƙa maimaituwa har yana kashe aure, yana raba mutum da sana'arsa, ko yana kai shi gaban alƙali.

Ma'aunin likitoci

Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya ware wannan lalura da ma'auni biyu: ko dai mutum ya riƙa fashewa da faɗa kamar sau biyu a mako har wata uku, ko kuma sau uku cikin shekara guda ya yi ɓarnar dukiya ko ya ji wa wani rauni. Yawanci abin ba ya kai rabin awa, kuma ba shirya shi ake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a 2022.

Abin da ke faruwa a jiki

Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, mai aikin hango barazana. Da ya harba, sai sinadarin adirenalin ya kwarara: zuciya ta hau bugawa, numfashi ya koma sama-sama, jijiyoyin wuya su miƙe, tafin hannu ya jiƙe. Sashen da ke bayan goshi shi ke taka burki, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wanda ya ce "idona ne ya rufe" ba lallai ƙarya yake yi ba, ko da yake hakan bai wanke shi daga abin da hannunsa ya aikata ba.

Tushensa

Sau da yawa fushin alama ce kawai, ainihin ciwon yana ƙasa. Yaron da ya tashi a gidan da bulala ke raba kowace gardama yakan ɗauki hakan a matsayin hanyar magana. Ciwon damuwa, musamman a maza, kan fito da fuskar faɗa maimakon kuka. Rashin barci, buguwa a kai, ciwon sauyin yanayin rai da shaye-shaye duk suna ciki. A 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma taramol da wiwi ba su bar hannun matasa ba.

A Zamfara akwai tushe biyu da bai kamata a tsallake ba. Na farko shi ne firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Magidancin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa, yana raɓe a Gusau ko Anka ba gona ba shanu, yakan kwana ido biyu, ƙarar babur ta zabura shi. Da safe yaro ya kifar da kofin koko, sai ga mari. Haushin kaza ne ake hucewa a kan dami, kuma a gida ake shan wahalarsa. Na biyu shi ne gubar dalma da ta bayyana a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a tsakar gida, ta kashe yara sama da 400. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma saurin hasala da rashin natsuwa na cikin abin da take bari. Waɗanda suka tsira a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata.

Magani

Koyarwar addini a nan sananniya ce: neman tsari daga Shaiɗan, yin shiru, alwala, da zama ga wanda ke tsaye. Likitoci ba su da ja da wannan, domin duk abin da ya jinkirta hannu yana ba sashen goshi damar dawowa bakin aiki. Matsalar ita ce a tsaya a kan "ka yi haƙuri" shekara da shekaru, ko a ɗora komai a kan sammu da iska, alhali akwai ciwon da ba a bincika ba.

Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam don gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, masanin halayyar ɗan Adam Raymond Novaco kuma ya daidaita ta da fushi a 1975. Ana sa mutum ya riƙa lura da abin da ke tunzura shi da alamar farko da jikinsa ke ba shi. Yana koyon jan numfashi a hankali, barin wurin kafin magana ta yi zafi, da tuhumar tunani irin "raina ni ya yi". Wasu kan buƙaci magani irin Fluoxetine, wanda likita ne kawai ke rubuta shi, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Idan akwai duka a gida, ana fara raba mata da yara da haɗarin kafin a shiga batun jinya.

Mutanen Zamfara da Kebbi kan fara da babban asibitin da ke kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, daga nan a tura mai buƙata Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Da yawa suna gudun Kware don kada a ce sun haukace, alhali akasarin masu wannan lalura ganin likita kawai suke yi su koma gida. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana a nuna wa irin waɗannan majinyata wariya.