Digirin Nazarin Laifuka a Jami'o'in Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da dama da ke shirin cike fom ɗin JAMB sukan ci karo da kwas ɗin nazarin laifuka da harkokin tsaro, wanda aka fi sani da kiriminoloji, kuma wasunsu sukan zaɓe shi da tunanin cewa hanya ce ta zama ɗan sandan ciki. Ga amsoshin wasu tambayoyin da ɗalibai da iyayensu suka fi yi a kansa.

Mene ne ainihin abin da ake karantawa?

Kwas ne na kimiyyar zamantakewa, ɗan uwan ilimin halayyar al'umma da na halayyar ɗan'adam, kuma abubuwa biyu ne ginshiƙinsa. Na farko shi ne laifin kansa: me ke jawo shi, su wa ke aikata shi, su wa yake shafa, kuma me ya sa yake yawaita a wata unguwa ya yi ƙaranci a maƙwabciyarta. Na biyu shi ne yadda hukuma ke tinkararsa, tun daga lokacin da aka kama mutum, zuwa ofishin 'yan sanda, zuwa gaban alƙali, har zuwa gidan gyaran hali da komawarsa cikin jama'a. A shekarar farko ɗalibi yakan ɗauki darussan share fage tare da 'yan uwansa na sashen siyasa da tattalin arziƙi, daga baya ya shiga darussa irin su hikimar horo da gidajen yari, laifukan yara, halin waɗanda aka zalunta, laifukan intanet, ta'addanci da dabarun bincike. A shekarar ƙarshe yakan rubuta kundin bincike nasa.

Wanda ya gama zai iya tsayawa a kotu a matsayin lauya?

Ba zai iya ba. Aikin lauya yana buƙatar digirin shari'a na shekara 5, sannan a wuce Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya a rantsar da mutum. Ɗalibin nazarin laifuka yana karanta dokar laifuka gwargwadon abin da zai fahimci tsarin, amma tambayarsa ta sha bamban da ta lauya. Lauya yana son ya san ko an tabbatar da tuhumar da ake yi wa wanda yake karewa. Mai nazarin laifuka kuwa yana son ya san dalilin da ya sa irin wannan mutumin ne ake ta kawowa gaban majistare kullum, alhali wasu masu laifin da ya fi nasa girma ba sa taɓa shiga akwatin tuhuma.

Me ya sa ake cika ɗalibi da ra'ayoyin masanan Turai da Amurka?

Domin a can fannin ya samo asali a matsayin darasin jami'a, kuma kowane ra'ayi amsa ce ga wanda ya gabace shi. A 1764 Cesare Beccaria na Italiya ya yi hujjar cewa tabbacin za a kama mai laifi a hukunta shi da wuri ya fi tsananin hukunci hana ɓarna, kuma dole horo ya yi daidai da girman laifi. A 1876 likitan nan Cesare Lombroso ya zo da da'awar cewa akwai waɗanda aka haifa da halin laifi, har ana iya gane su ta siffar ƙoƙon kai da muƙamuƙi. Charles Goring na Ingila ya gwada dubban fursunoni da mutanen gari, ya wallafa sakamakonsa a 1913, bai sami irin wannan siffa ba. Har yau ana koyar da Lombroso, saboda ɗalibi ya ga yadda son zuciya ke iya shiga rigar kimiyya.

Daga nan hankali ya koma kan al'umma. A 1938 Robert Merton ya bayyana cewa idan al'umma ta kwaɗaita wa kowa arziƙi, amma ta toshe wa mafi yawa halattacciyar hanyar samunsa, wasu za su ɓullo da tasu hanyar. A 1939 Edwin Sutherland ya jawo hankali ga laifukan manyan ma'aikata da attajirai, waɗanda ake yi da alƙalami a ofis. A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson suka nuna cewa laifi yakan auku idan abu uku suka haɗu a wuri guda: mai niyyar ɓarna, abin da ya cancanci ɗauka, da rashin mai sa ido. Duk wanda ya san yadda ƙwacen waya ke faruwa a Kano, a lungu marar fitila ko a cikin adaidaita sahu bayan magariba, zai ga cewa wannan bayani bai yi nisa da gida ba.

Sai dai a ganina nan ne ɗalibai da yawa ke tsayawa da wuri. Haddace sunaye da shekaru yana ba da maki a jarrabawa, amma aikin gaske shi ne a ɗauki ra'ayin a aza shi a kan 'yan daba a Kano, ko 'yan sara-suka a Bauchi, ko 'yan kalare a Gombe, ko satar shanu da garkuwa da mutane a dazuzzukan Zamfara, a duba inda ya yi bayani da inda ya gaza. Ra'ayin da aka gina a kan unguwannin biranen Amurka irin su Cikago bai san rikicin burtali da gona ba, bai kuma san rawar da 'yan siyasa ke takawa wajen ɗaukar nauyin matasa lokacin zaɓe ba.

Wane tsarin shari'a ɗalibi zai nazarta a Najeriya?

Wannan ne ɓangaren da ya fi ɗaukar hankali, domin ƙasar ba doka guda take bi ba wajen hukunta laifi. Jihohin Kudu sun gaji kundin Kiriminal Kod, wanda ya fara aiki a duk ƙasar a 1916, kuma asalinsa daga jihar Kwinslan ta Ostireliya ne. Arewa ta sami nata kundin, Final Kod, wanda aka kafa a 1959 ya fara aiki a 1960, an kuwa kwaikwayo shi daga na Sudan, shi ma na Sudan daga na Indiya. Daga shekarar 2000, bayan Zamfara ta buɗe fage, jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa hurumin shari'ar Musulunci, mafi yawansu har da dokokin laifuka. Saboda haka aiki guda yana iya zama laifi a wata jiha ya zama ba laifi ba a wata, kuma kotun da aka kai mutum tana iya sauya irin hukuncin da zai fuskanta.

A ƙarƙashin wannan akwai tsohon tarihi da ɗalibin Arewa ya kamata ya sani: dogarai, 'yan doka, kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e, waɗanda suka yi aiki a hannun sarakuna har zuwa ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin soja ta karɓe su. Har yanzu ƙorafe-ƙorafe masu yawa a wajen mai unguwa ko dagaci ko ofishin Hisba suke ƙarewa, ba sa isa caji ofis.

Akwai kuma sababbin dokoki da ake koyarwa dalla-dalla. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane na 'yan sanda kowane wata. Dokar 2019 ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, ta kuma ƙarfafa hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Tsarin mulki na 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana guda idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Duk da haka, fiye da rabin mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar masu jiran shari'a ne da ba a yanke wa hukunci ba. Tazarar da ke tsakanin abin da takarda ta ce da abin da ke faruwa ita ce babbar gonar binciken wannan fanni.

Shin akwai lissafi a ciki?

Akwai, kuma wanda ya gudo daga lissafi zai sake haɗuwa da shi a aji biyu da aji uku, a darussan ƙididdiga da dabarun bincike. Dalilin a fili yake. Alƙaluman 'yan sanda suna nuna laifukan da aka kai rahoto ne kawai, alhali iyalai da yawa sukan rufe maganar fyaɗe saboda gudun abin kunya, wasu kuma sukan biya kuɗin fansa ba tare da sanar da hukuma ba. Idan adadin kame ya ƙaru a wata jiha, yana iya yiwuwa laifi ne ya ƙaru, yana kuma iya yiwuwa 'yan sanda ne suka ƙara samame. Ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan, ya iya tsara tambayoyi da hira da mutane ba tare da jefa su cikin haɗari ba, shi ne ya fita da abin da ake saye a kasuwar aiki.

Za a koya mini ɗaukar zanen yatsa da gwajin jini?

Za a gabatar da su a darasi ɗaya ko biyu, yawanci a allo. Gwajin jini da na ƙwayoyin halitta aikin masana kimiyyar sinadarai da ilimin halittu ne, don haka mai sha'awar ɗakin gwaji gara ya nemi kwas ɗin kimiyyar binciken laifuka ko ɗaya daga waɗancan fannoni.

Waɗanne jami'o'i ke bayar da shi, kuma mene ne sharuɗɗan shiga?

Daga cikin masu bayar da shi akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Ilorin, da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Najeriya, wadda ma'aikatan tsaro da yawa ke zaɓa saboda tana ba su damar karatu suna bakin aiki. A wasu jami'o'in kuma nazarin laifuka reshe ne a cikin sashen halayyar al'umma. Karatun shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, ko 3 ga mai difloma ko makamanciyarta da aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi da lissafi. Darussan da za a haɗa a jarrabawar sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka a duba kundin bayanin JAMB na shekarar, a kuma tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin a makarantar da aka zaɓa.

Digirin yana tabbatar da samun aikin ɗamara?

Ba ya tabbatarwa. Rundunar 'yan sanda, Sibil Difens, hukumar shige da fice, kwastan, da hukumomi irin su NDLEA, ICPC, EFCC da NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, duk suna ɗaukar masu digiri daga fannoni daban-daban, kuma kowa sai ya cika sharaɗin shekaru da lafiyar jiki, ya ci jarrabawa, ya sha horo. Mai wannan digiri yana da fifikon sanin aikin, amma layi ɗaya zai bi da wanda ya karanta tarihi. Wanda burinsa tun farko shi ne zama hafsan ɗan sanda, Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a Jihar Kano ta fi kusa da buƙatarsa, domin tana haɗa digiri da horo, ta yaye ɗalibi da muƙamin mataimakin sufurtanda.

Wasu ƙofofin ba su da kaki, kuma ɗalibai ba su cika lura da su ba. Bankuna suna da sassan yaƙi da zamba da halatta kuɗin haram, kamfanoni suna ɗaukar jami'an tsaro da masu tantance haɗari, ma'aikatun jin daɗin jama'a suna buƙatar masu kula da yaran da suka yi laifi, ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma suna aiki da fursunoni da waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu. A duk waɗannan wurare, abin da akan tambayi mai neman aiki shi ne ko ya iya sarrafa bayanai a kwamfuta, ya iya rubuta rahoto mai tsafta, kuma a kan me ya yi kundin bincikensa na shekarar ƙarshe.