Waiwaye: Rikicin itatuwan Delhi, daga 2016 zuwa yau

A watan Yunin 2018, ana tsaka da zafin bazara, mutanen birnin Delhi na Indiya suka yi cincirindo a unguwar Sarojini Nagar suna rungumar itatuwa. Manya da yara, wani da kwali a hannu, wani ya manna ƙirjinsa a jikin kututture, hannayensa ko zagaye shi ba su yi ba saboda kauri.

Asalin maganar tun 2016 ne, lokacin da majalisar ministocin ƙasar ta amince a rushe tsoffin gidajen ma'aikata a unguwanni bakwai na kudancin birnin, ciki har da Sarojini Nagar da Netaji Nagar da Nauroji Nagar. Gidaje 12,970 za a rushe, a tayar da dogayen benaye masu gidaje fiye da 25,000. Kamfanin gine-gine na gwamnati, NBCC, shi aka ɗora wa manyan unguwannin, kuɗin aikin kuma za a samo shi ta hanyar gina ofisoshi da shaguna a sayar. Gidajen sun tsufa, wannan ba a musu, kuma ma'aikaci yana bukatar wurin kwana. Sai dai shekarun da suka cinye gidajen su ne suka raini itatuwan da ke tsakaninsu, su darbejiya da mangwaro da sauransu. (Darbejiyar nan ta ƙofar gidajenmu ma daga can yankin Indiya aka kawo ta.) Da labari ya fita cewa za a sare tsakanin 14,000 da 16,500, a birnin da hayaƙi ke sa a rufe makarantu da hunturu, sai gari ya ɗauka.

Rungumar itace ba sabon abu ba ne a wajensu. A 1730, a ƙauyen Khejarli na Rajasthan, an kashe mutum 363 na al'ummar Bishnoi da suka kare itatuwa da jikinsu, Amrita Devi ce kan gaba. A 1973 kuma gwagwarmayar Chipko ta taso a tsaunukan Himalaya, kalmar ma ma'anarta mannewa. Wannan gadon ne 'yan birni suka ɗauko.

Hukuma ta kare kanta da lissafi: dokar kare itatuwan Delhi ta 1994 na aiki, kuma duk itacen da aka sare za a dasa goma a madadinsa. Nan ne zancen ya fi ci mini rai. Dashe goma masu tsawon gwiwa, a can bayan gari, ba su ba mai tallan bakin titi inuwar da zai fake da azahar. Wa zai yi musu ban ruwa? Wa zai koma bayan shekara uku ya ƙirga nawa suka rayu? Wanda aka sare wa itacen shekara hamsin, sai ya jira wasu hamsin ɗin, in da rabon ya gani.

Wani likitan ƙashi ne ya kai ƙara, kuma ranar 25 ga Yunin 2018 Babbar Kotun Delhi ta sa aka dakatar da sara. Ministan gidaje na lokacin, Hardeep Singh Puri, ya ce za a sake zana aikin. A 2020 gwamnatin Delhi ta kawo ƙa'idar cewa kashi 80 cikin 100 na itatuwan da gini zai shafa sai an tone su da saiwarsu a mayar wani wuri, ko da yake babban itace ba kasafai yake jure ƙaura ba.

Ginin dai bai tsaya ba. A 2020 kotu ta bari a ci gaba da aikin Nauroji Nagar, inda tuni an riga an sare itatuwan kafin hayaniyar ta tashi. Ranar 3 ga Janairun 2025 Firaminista Narendra Modi ya buɗe cibiyar kasuwancin da aka gina a wurin, tare da sababbin benayen ma'aikata a Sarojini Nagar.