Lantarkin bugun farat ɗaya

Lantarkin bugun farat ɗaya fasaha ce ta tara ƙarfin wuta a hankali, cikin daƙiƙu ko 'yan mintoci, sannan a sake shi gaba ɗaya cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Da ita ake ciyar da manyan na'urorin da ke ingiza ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, masu ɗimbin yawa. Wanda ya san madatsar ruwa ta Goronyo a jihar Sakkwato ba zai sha wuyar ganewa ba: ruwan Rima yakan taru tsawon damina, sai dai a nan ba a sakinsa kaɗan-kaɗan kamar na noman rani, ɓalle ƙofar ake yi baki ɗaya.

Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi kusan minti 17 a kunne, ya ci jul miliyan ɗaya (jul shi ne ma'aunin makamashi). In aka saki wannan adadin cikin nanosakan 100, ƙarfin zai kai wat tiriliyan 10, wato ya ninka abin da layin wutar Najeriya ke rarrabawa fiye da sau dubu. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Haske kansa santimita 30 kacal yake iya tafiya a cikinsa.

Tarihi

Akan danganta tushen fasahar da injiniyan Jamus Erwin Marx, wanda a 1924 ya bayyana dabarar ninka ƙarfin wuta don gwajin kayan lantarki. Har yau da sunansa ake kiran na'urar. Na biyu shi ne Alan Blumlein, injiniyan Ingila, wanda ya tsara wani layi mai daidaita bugun wuta don aikin rada, wato na'urar hango jiragen sama daga nesa, a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Bai ga inda aikin nasa ya kai ba, domin ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1942 yana cikin gwajin rada.

Wanda ya haɗa waɗannan biyun suka zama fanni guda shi ne J. C. Martin, da abokan aikinsa a cibiyar binciken makaman nukiliya ta Aldermaston a Ingila, wajen farkon shekarun 1960. Buƙatarsu ita ce ɗaukar hoton abin da ke faruwa a cikin ƙarfe yayin da nakiya ke matse shi. An san Martin da aiki da kayan araha da kuma ƙa'idojin da ya samo ta hanyar gwaji, na sanin lokacin da mai ko ruwa zai kasa riƙe wuta. Ana amfani da su har yanzu.

Daga nan fasahar ta ƙetara Amurka. Cibiyar Sandia da ke Albuquerque ta gina jerin na'urorin Hermes, kuma ta uku, wadda ta fara aiki a 1988, tana ba da kusan bolt miliyan 20 da amfiya 700,000 cikin 'yan gomman nanosakan. Tsawar da ke sauka lokacin damina yawanci wajen amfiya 30,000 take. A Tarayyar Sobiyet kuwa, Gennady Mesyats da ɗalibansa a garin Tomsk na Saberiya sun gano, wajen 1966, cewa ƙananan tsinin da ke jikin ƙarfe fashewa suke yi su saki ilektaron da yawa idan wuta ta yi musu ƙarfi. An kafa cibiya ta musamman don wannan bincike a Tomsk a 1977.

Yadda take aiki

Matakin farko shi ne na'urar Marx. Ana jera kafasita da yawa, irin wadda masu gyaran fanka ke kira kwandensa amma manya ƙwarai, a cika su gefe da gefe, sannan makunnai masu tartsatsi su haɗa su kai da gindi kamar batiran tocila. Guda 30 masu bolt 100,000 kowace za su ba da kusan bolt miliyan 3. Akan nutsar da su cikin tankin man taransifoma don kada wutar ta yi tsalle.

Bugun Marx yana da jan jiki, kusan mikrosakan guda, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don haka sai a zuba shi cikin layin da zai gajarta shi. Abin da ke ba ɗalibai mamaki a nan shi ne ruwa. Kowa ya san ruwa da wuta ba sa ga maciji, amma ruwan da aka tace gishirinsa sarai yana iya riƙe miliyoyin bolt na ɗan wannan lokaci, kuma yana adana ƙarfi fiye da mai nesa ba kusa ba: ma'aunin adana ƙarfinsa kusan 80, na mai kuwa 2 da 'yan kai. Shi ya sa ake zaɓar ruwa idan ana son amfiya mai yawa, mai kuma idan bolt ake nema.

A ƙarshe bugun yana isa wani bututu da aka zuƙe wa iska, inda ilektaron ke tashi daga ƙarfe ɗaya su afka wa na gabansa. A kan hanyar zuwa can, maganaɗisun da wutar kanta ta haifar shi ke tanƙwara ilektaron ya hana su ɓacewa a bangon layin.

Amfani

Idan ilektaron suka daki faifan ƙarfe mai nauyi kamar tantalum, sai su fitar da hasken eksire mai ratsa ƙarfe. Da shi wata na'ura mai suna DARHT ta cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka ke ɗaukar hoton cikin ƙarfe tun 1999, da shi kuma ake gwada juriyar kayan lantarkin soja. Akwai ƙananan na'urori da ake samar da igiyar maikurowef mai ƙarfi da su.

An yi fatan haɗa ƙwayoyin zarra don samar da wuta da waɗannan ilektaron a shekarun 1970. Sandia ta koma ga ayon, wato ƙwayoyin zarra masu ɗauke da caji, daga baya a 1996 ta mayar da na'urarta ta ayon zuwa wani injin da ake kira Z. Masana sun saɓa kan ko hanyar za ta kai ga tashar wuta.