Waiwaye: Amanar Ma'aikacin Gwamnati Daga Zamanin En'e Zuwa Yau

Dattawan Katsina in suna kukan lalacewar aikin gwamnati sukan ce a zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, ba haka abin yake ba. Suna da gaskiya, amma ba duka ba.

A da, haraji da jangali hannun hakimai da sarki suke shiga, kuma a aikace da wuya a ce ga kuɗin jama'a ga na mai sarauta. A Katsina aka fara shata wannan iyaka. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, Bature Palmer ya tsara baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya shigo da abin da ya fita duk sai an rubuta. Daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Kwalejin Katsina, da aka kafa a 1921, ita ta ƙara da tarbiyya, ta yaye mutanen da suka riƙe Arewa daga baya.

Sai dai albashi bai kashe gaisuwa da toshi ba. Wani tsohon ɗalibin kwalejin nan, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya miƙe a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a gyara En'e, yana kokawa da cin hanci da yadda ake danne talaka. Abin da ya taƙaita ɓarnar a lokacin, a ganina, kunya ce. Akawun da ya ci kuɗin haraji, kowa a unguwa ya san gidan ubansa.

Inda aka yi babban rauni shi ne 1975. Gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu ta rediyo suka ji labarin korarsu. Jama'a sun yi murna, kuma lalle a cikinsu akwai ɓarayi da malalata. Amma an haɗa da waɗanda ba a tsaya jin ta bakinsu ba, sai waɗanda suka saura suka ɗauki wani darasi dabam: kujerar nan ba tabbas, gara mutum ya yi wa kansa tanadi tun yana kai. A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e. Bayan shekara goma kuma tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya darajar naira, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Cikin wannan hali aka cire Jihar Katsina daga Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, aka raba ma'aikata, kowa ya taho da halin da ya saba.

Dokoki kam ba a rasa su ba. Buhari, ɗan Daura, ya zo da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, har ana sa mai makara tsallen kwaɗo. Ya yi tasiri iya lokacin da sojan ke tsaye a bakin ƙofa. Daga baya aka kafa hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC a 2000, EFCC ta biyo a 2003.

Tsarin mulkin 1999 kuwa ya fayyace komai. Ma'aikaci ba zai gudanar da kasuwanci na kansa ba in ban da noma, ba zai karɓi kyauta saboda aikin ofis ba, kuma zai bayyana kadararsa in ya kama aiki, sannan duk bayan shekara huɗu. To wa ke bin sawu? Ana cike fom ɗin, a rantse a kotu, a miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma har yau talakan Kaita ko Mai'aduwa ba shi da hanya mai sauƙi ta ganin abin da daraktan ƙaramar hukumarsa ya rubuta a ciki.