Folda ta koma kwamfuta: tambayoyin da mutanen zango suke yi kan bayanansu na asibiti

Duk wanda yake zuwa asibiti a Kumasi ɗinnan shekarun baya ya san wahalar folda, kaje da asuba ka miƙa kati a taga ka zauna a benci, sai rana ta ɗaga a leƙo ace ba'a ga foldarka ba, a buɗe maka sabuwa, duk tarihin ciwonka na baya ya tafi kenan. Yanzu a manyan asibitoci abun ya sake, kana magana dokta yana danna kwamfuta. Mutanenmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango sunata tambaya akai, ga waɗanda suka fi yawan fitowa.

Malam wai me suke rubutawa a cikin kwamfutar nan ne?

Duk abunda da ake rubutawa a folda. Sunanka, ranar haihuwa, lambar waya, lambar inshora, wanda za'a kira in wani abu ya faru, awon jini da nauyi, abunda kace yana damunka, abunda dokta ya gano, sakamakon lab, maganin da aka baka, har kuɗin da ka biya. Bambancin shine takarda a hannun mutum ɗaya take a lokaci ɗaya, ita kuwa kwamfuta dokta na rubuta gwaji mutanen lab sun gani tun kafin ka sauko daga bene, famasi ma haka, babu zancen ankasa karanta rubutun dokta.

Tsarin da aka fi sani a asibitocin gwamnati shine LHIMS, wanda ma'aikatar lafiya ta fara gwadawa a yankin Cape Coast, kafin a kawoshi nan Jii, wato asibitin Komfo Anokye, da Korle Bu dake Ankara babban birnin Gana, da sauran manyan asibitoci. Akwai kuma wani daban da ake cewa DHIMS2, hukumar lafiya ta Gana ke amfani dashi tun 2012, an ginashi akan manhajar da jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙira. Shi wannan ƙidaya yake tarawa ba sunaye ba, mutum nawa suka zo da maleriya a wata, mata nawa suka haihu, yara nawa akayi wa rigakafi a gunduma kaza. Mutane suna haɗasu waje ɗaya amma aikinsu ba ɗaya bane.

To in na tafi Ankara ciwo ya kamani, zasu ga abunda aka rubuta mun a Kumasi?

Niyyar kenan, amma kada ka dogara. Asibitoci masu zaman kansu da yawa kowa da manhajarsa, wasu na mishan ma haka, ƙananan kilinik kuwa har yau biro da takarda ne, mai kemis ɗin da kake sayen maganin hawan jini a wajensa baya cikin kowane tsari. A 2025 ma an samu saɓani tsakanin ma'aikatar lafiya da kamfanin dake riƙe da LHIMS, manhajar ta tsaya a asibitoci da dama aka koma rubutun hannu, har ministan lafiya Kwabena Mintah Akandoh ya sanar da sabon tsari mai suna GHIMS. Abunda nake gaya wa masu ciwon suga da hawan jini da masu sikila, musamman direbobi da 'yan kasuwa masu hanyar Tamale da Bawku da kuma masu niyyar hajji, ka ɗauki hoton sakamakon lab ɗinka da kwalin maganinka a waya, mai ciki kuma kada ta rabu da littafin awonta ko da ance komai yana kwamfuta.

Katin inshorana ya mutu, na ƙanwata yana aiki kuma muna kama, in na ara naje dashi meye laifi?

Hajiya a nan ne zan daɗe, don wannan ya fi duk sauran tambayoyin haɗari kuma shi muka fi rainawa. Barin zancen cewa laifi ne a doka kuma ana duba hoto da yatsa a wasu wurare, ki tsaya kiga abunda zai faru in kin wuce ba'a kamaki ba. Duk abunda aka gano a jikinki a sunan ƙanwarki za'a rubuta. In an auna rukunin jininki ya shiga shafinta. In ance kina da hawan jini ta zama mai hawan jini. In anyi miki gwajin ciki ko na ƙanjamau ko na ciwon hanta, sakamakon yana nan zaune a ƙarƙashin sunanta ita da bata taɓa zuwa ba, wataran taje da mijinta ko surukarta dokta ya buɗe ya fara tambayarta abunda bata san dashi ba, ki faɗa mun yadda za'a kashe wannan wutar a gida.

Ta ɓangarenki ma haka. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake cewa G6PD, yana da yawa a mutanenmu na yammacin Afirka, mai shi in aka bashi wasu magunguna irinsu Septrin ko Fansidar jininsa na iya fashewa, idonsa yayi rawaya fitsari ya koma baƙi. A ce kina dashi ita bata dashi, dokta ya duba shafinta yaga an taɓa gwadawa lafiya lau, ya rubuta miki maganin da zuciya ɗaya. Da can da takarda irin wannan kuskure a folda ɗaya yake tsayawa a asibiti ɗaya, yanzu kuwa yana bin mutum duk inda aka haɗa tsarin. Kayan aro dai baya rufe katara. Tun 2018 ana sabunta inshora ta waya da *929# a biya da momo, kuɗin bai kai na rikicin da aro zai jawo ba.

Sannan ga matsalar sunayenmu, wadda ita ba laifin kowa bace. Mutum ɗaya a katin Gana, wato katin ɗan ƙasa, Mohammed, a katin inshora Muhammad, a tsohuwar folda Mahama. Abubakar ya zama Bukari, A'isha ta zama Ayishetu, ma'aikacin dake taga baya jin Hausa yadda kunnensa yaji haka zai buga. Tsofaffinmu kuma da yawa an saka musu 1 ga Janairu don ba'a san ranar ba. Sai kaga mutum ɗaya da shafi uku, ko mutum biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya an cakuɗasu. In kaje ka miƙa katin Gana ɗin da kansa kace a rubuta kamar yadda yake a jiki, in ka raka Baba ko Inna kai ka tsaya ka duba allon kafin ku bar tagar.

Akwai yarinyar unguwarmu dake aikin nas a can, zata iya buɗe nawa ta karanta?

In tana da izinin shiga ɓangaren da kike, a fasahance tana iyawa, a dokance kuwa bata da hurumi sai in tana cikin masu kula dake. Kowane ma'aikaci akwai sunan shiga da faswod nasa, kuma tsarin kirki yana ajiye sawun wanda ya buɗe shafi da ranar da lokacin, abunda takarda bata taɓa yi ba, da can kowa zai iya ɗaga folda ya leƙa ya mayar babu mai sani. Inda gizo ke saƙa shine ma'aikata su riƙa ara wa juna faswod don sauri, ko mutum ya tashi cin abinci ya bar shafi a buɗe allon na kallon layi. A ganina wannan ya fi kusa damu akan ɓarayin intanet na wata ƙasa, don ɓarawon can bai sanki ba, wadda zata kai zance gidan biki ta san har kakarki.

Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta saka bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, akwai hukumar kare bayanai a Ankara da ake kai mata ƙara. Dokar hukumar yaƙi da ƙanjamau ta 2016 kuma ta hana a bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba. Miji ko maigida a wajen aiki ko wanda ya biya kuɗin asibiti, biyan kuɗi baya bashi damar a karanta masa shafin baligi. In zance ya fita, a fara da shugabannin asibitin a rubuce, a nemi su duba sawun waɗanda suka buɗe.

Ɓarayin intanet ɗin fa, da dumso, wato ɗauke wuta?

Suna nan. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin asibitocin Ingila har aka soke ganin likita kusan 19,000, a 2018 kuma aka sace bayanan mutum miliyan 1.5 a Singafo harda na firaministansu. Mu namu da muka fi gani shine a ɗauke wuta ko ace netwok ya tafi layi ya tsaya cak. Wannan aikin asibiti ne, janareta da ajiye kwafi a wani waje da tanadin takarda, babu abunda majinyaci zai iya.

Ance suna ba Turawa bayananmu suyi bincike, gaskiya ne?

Ana bincike da bayanan asibiti, wannan gaskiya ne, kuma masu yinsa da yawa 'yan ƙasa ne, likitoci da ɗaliban jami'o'in KNUST da Legon, cibiyar bincike ta Noguchi, cibiyar bincike ta KCCR anan Kumasi, da cibiyoyin Navrongo da Kintampo da Dodowa, wani lokaci tare da jami'o'in waje. Kafin a fara sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince, hukumar lafiya tana da nata, KNUST ma tana da nata. Bincike iri biyu ne. Akwai wanda za'a zo wajenka a ɗauki jini ko a baka magani, wannan dole sai ka yarda ka sa hannu. Akwai kuma wanda za'a koma tsofaffin shafuka na dubban mutane a cire sunaye a ƙirga, shi wannan sau da yawa kwamiti ne ke bada izini ba'a bin kowa gida, gara ka san haka.

Amfaninsa ba ƙarami bane. A 1995 aka fara gwada jarirai don gano sikila anan Kumasi ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, daga rubuta sakamakon jariri bayan jariri aka tabbatar kusan 2 cikin 100 da ita ake haifarsu, aka riƙa kiran iyaye ana fara ba yaran penisilin tun basu fara ciwo ba. Rigakafin maleriya da aka fara ba yara a Gana da Kenya da Malawi a 2019, bin bayanan yaran a asibitoci ne yasa hukumar lafiya ta duniya ta amince dashi a Oktoban 2021. A Amurka kuma da aka duba bayanan mutum sama da miliyan ɗaya akaga masu shan maganin ciwon gaɓoɓi Vioxx da yawa sun fi samun bugun zuciya, a 2004 aka janyeshi daga kasuwa. Dokta ɗaya a ɗakinsa bazai taɓa lura da irin wannan ba.

Amma cire suna baya nufin an ɓoye mutum gaba ɗaya. A 1997 wata ɗaliba Latanya Sweeney ta gano shafin asibitin gwamnan jihar Massachusetts cikin bayanan da aka cire wa sunaye, da ranar haihuwa da jinsi da lambar yanki kawai ta haɗa da rajistar zaɓe. Kai ka kwatanta da zango, ace namiji ɗan shekara 70 da wani abu, limami, unguwa kaza, an yanke masa ƙafa, ai ba sai an faɗi suna ba. Kuma ba kullum manya ke bin ƙa'ida ba, a 2017 hukumar kare bayanai ta Ingila ta samu asibitin Royal Free da saɓa doka kan miƙa bayanan mutum miliyan 1.6 ga kamfanin DeepMind. Tsoron naku yana da tushe, tambayar da ta dace kayi wa mai bincike ita ce wane kwamiti ya amince, a ina za'a ajiye, wa zai gani, kuma jinin da aka ɗauka zai bar ƙasar ko a'a.

In naƙi sa hannu zasu ƙi dubani?

A'a, ƙin shiga bincike baya taɓa maganinka, kuma ko ka shiga kana iya fita. Kana da haƙƙin a fassara maka takardar da Hausa ko Twi, in baka karatun boko a samu shaida kafin ka dangwala. Abunda ba'a neman izininka akai shine cututtuka masu yaɗuwa irinsu kwalara da sanƙarau, ko Marburg da ta ɓulla a yankin Ashanti a 2022, waɗannan dole asibiti ya sanar da hukuma.

Wani abu da nake so mu daina shine bada adireshin ƙarya ko lambar wayar da ta mutu don tsoro. Da wannan ƙidayar ake sanin inda ciwo yayi yawa, in mutanen Aboabo suna rubuta wata unguwa to a takarda Aboabo lafiyarta ƙalau, kuma in lab suka ga wani abu na gaggawa a jininka babu yadda zasu sameka.

Zan iya cewa a nuna mun nawa, in akwai kuskure a gyara?

Eh, Act 843 ta baka damar neman sanin abunda aka ajiye akanka da neman a gyara wanda ba daidai ba. A aikace ofishin rekod zaka je da katin Gana, galibi sai ka rubuta takardar nema, rahoton likita kuma ana biyan kuɗi kuma yana ɗaukan kwanaki. Kuskuren suna ko ranar haihuwa ko shafi biyu mutanen rekod ne ke gyarawa su haɗe. In kuwa ciwon da aka rubuta ne kake ganin ba naka ba, sai dokta, shi ma ba gogewa zaiyi ba, zai ƙara bayani ne a ƙasa da kwanan wata. Wadda ta taɓa ara wa wani katinta ta gaya wa dokta gaskiya a ɗakin duba, a sake auna rukunin jini da G6PD da duk gwajin da ake shakka, a rubuta cewa na ranar kaza ba nata bane.