Kafin ka ɗora bene a kan tsohon gini: abin da injiniya zai auna

Mutane da yawa a Kano suna ɗauka cewa takardar izinin gini ta sabon fili ce kawai, in gidan ya riga ya tsaya kuma, duk abin da aka yi masa gyara ne. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ba haka ta ɗauki abin ba. A wurinta, sake gina wani sashe, ƙara hawa, ko mayar da gidan kwana ya zama shaguna ko makaranta, duk aiki ne da sai da izini. A nan Kano hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce ke bayar da shi, ita ce kuma ke shafa jan fenti a bangon wanda ya tsallake ta. Akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006, sai dai ƙarfinsa a kowace jiha ya danganta da yadda jihar ta shigar da shi cikin dokokinta.

Dalilin neman izinin shi ne a samu injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ya duba ginin. Mai gida dai tambayarsa ɗaya ce: pila za ta ɗauki nauyin sabon hawan? Injiniya kuwa yana da ta biyu, wadda ta fi wuyar amsawa: in aka ture ginin ta gefe, yaya nisan gocewarsa zai kai?

Kowane bene yana layi kaɗan, ko ido bai gani ba. Abin da ake lissafawa shi ne yadda saman hawa ɗaya ke gocewa daga ƙasansa, a gwada da tsayin hawan. Ƙa'idar Amurka ta yarda da kashi 2 cikin ɗari ga yawancin gine-gine idan babbar girgizar ƙasa ta zo. Hawa mai tsayin mita 3 ke nan kada ya goce fiye da santimita 6. Ta Turai, Eurocode 8, ta sa wata iyaka ta kashi 0.5 cikin ɗari ga gini mai bangon bulo da ke saurin tsagewa, wato santimita ɗaya da rabi, amma wannan don ƙaramar girgiza ce, kada bango da tagogi su lalace. Waccan ceton rai take nufi, wannan ceton dukiya.

A sabon gini lissafin da sauƙi, tunda zane yana hannu. Tsohon gini ne ke wahalarwa. Sau tari zanen ya ɓace, birkilan da ya yi aikin ma ba a san inda yake ba. Sai an tona gefen harsashi an ga zurfinsa, a bi pila da na'urar da ke gano rodi nawa ne a ciki da kaurinsu, a buga wata guduma ta musamman a ji taurin kankare, wani lokacin a huda a ciro ɗan dunƙule a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe. Wasu kan ajiye ƙananan na'urori a kowane hawa su naɗi rawar da ginin ke yi in tirela ta wuce. A ƙiyasin injiniyoyi, bene mai hawa 10 kan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya ya je ya dawo. In ya fi haka sanyin jiki sosai, da magana. Daga nan sai a gina irinsa a kwamfuta, a yi ta tura shi gefe har a ga pilar da za ta fara sarewa.

Wani zai ce ai Kano ba a girgizar ƙasa. Da gaskiyarsa, domin birnin yana zaune ne kan tsohon dutse, nesa da inda ɓawon ƙasa ke gogayya. Amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018, akwai ma cibiyar da ke sa ido kan haka a Toro ta jihar Bauchi. Abin da ya fi damuna shi ne irin ginin da muke yi. A rushe bangayen hawan ƙasa don a samu shaguna masu faɗin ƙofa, a bar pila tsirara, sannan a cika sama da ɗakuna ko dilolin atamfa. Duk gocewar sai ta taru a wannan hawan na ƙasa. Irin wannan raunin yana cikin abin da ya kayar da benaye a Turkiyya a Fabrairun 2023, inda sama da mutum 50,000 suka rasu, bayan gwamnati ta yi wa gine-gine marasa izini afuwa a 2018 kan biyan kuɗi. Mu kuwa ba mu jira girgiza ba: bene ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut da ke nan Kano a Agustan 2022.

Sai batun ƙasar da aka yi ginin a kai. Filin da asalinsa kududdufi ne aka cike da shara da ɓaraguzai yana ƙara wa motsi ƙarfi, yana kuma nutsewa ba daidai ba, don haka gwajin ƙasa yana cikin aikin. Mai sayen tsohon bene ko mai kama hayar shago a ƙarƙashinsa yana iya neman ganin izinin ƙarin hawan da rahoton injiniya mai ɗauke da hatiminsa, kafin a kai ga maganar la'ada.