Ma'anar "one-and-done" a ƙwallon kwandon Amurka

Duk mai bin ƙwallon kwandon Amurka, da zarar watan Yuni ya kama aka shiga hada-hadar zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, zai yi ta jin masu sharhi suna cewa wane "one-and-done" ne. Abin da suke nufi shi ne yaron da ya shiga jami'a, ya buga mata kaka ɗaya tak, sannan ya tattara komatsansa ya bar karatu, ya nufi wasan ƙwararru inda ake biyan albashi. Da wannan suna ake kiran ɗan wasan, da shi kuma ake kiran dokar da ta haifar da shi.

Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa, tsarin zai zo mana baƙo. A Turai kulob ne yake ɗaukar yaro tun yana ƙarami, ya raine shi, in ya isa ya sa shi a fili ko da shekarunsa 16 ne. A Amurka hanyar ta makaranta take bi. Yaro zai buga wa sakandarensa, jami'o'i su yi ta zawarcinsa da tallafin karatu, ya buga gasar jami'o'i da hukumar NCAA take kula da ita, daga nan ƙungiyoyin NBA guda 30 su zauna su zaɓa, a abin da ake kira "draft". Zagaye biyu ake yi, gurabe 60, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su suka fi samun damar fara zaɓa.

Dokar kanta gajeruwa ce. Tun daga zaɓen 2006, ba a ɗaukar ɗan wasa sai in zai cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen, kuma in a Amurka ya yi sakandare, sai an samu shekara ɗaya da gamawar ajinsu. Babu inda dokar ta ce ya tafi jami'a, ta dai ce ya jira. To amma yaron da duk ƙasar ta san ya fi tsaransa, ina zai je ya yi wannan jira? Jami'a ce wurin da ke da manyan kociyoyi da 'yan kallo da talabijin. Ga wani abu kuma da mutane da dama suke kuskurewa: dokar ba ta jami'o'i ba ce, ba kuma ta NCAA ba ce. NBA ce da ƙungiyar 'yan wasanta suka ƙulla ta a yarjejeniyarsu ta 2005. Shugaban NBA na lokacin, David Stern, shekara 20 ya so, aka yi ta ja-in-ja aka tsaya a 19.

Asalin rigimar ya girmi wannan doka nesa ba kusa ba. A da, NBA ba ta taɓa yaro sai bayan shekara huɗu da gama sakandare. Wanda ya fasa wannan katanga shi ne Spencer Haywood, ɗan garin Silver City a jihar Mississippi, wanda ya taso yana tsinkar auduga tare da mahaifiyarsa. Yana da shekara 19 ya ciyo wa Amurka lambar zinare a gasar Olympics ta 1968 a Meziko, ya buga wa Jami'ar Detroit kaka ɗaya yana cin matsakaicin maki sama da 30 a kowane wasa, sannan ya tafi gasar ABA, kishiyar NBA a wancan zamani, domin gida ana cikin babu. Da ƙungiyar Seattle SuperSonics ta ɗauke shi a 1970, NBA ta ce allambaran bai cika sharaɗi ba. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a watan Maris na 1971 aka ba shi damar ci gaba da wasa. Daga nan NBA ta fito da wata ƙa'ida ta masu uzurin talauci: in ka nuna shaidar cewa gidanku na cikin matsi, za ka iya shiga da wuri. A 1976 aka soke sharaɗin nuna talaucin, ƙofa ta buɗe ga kowa.

Duk da haka, ba a yi rububin fita ba. Michael Jordan da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya buga wa Jami'ar Houston, sai da suka yi kaka uku-uku kafin su fita a 1984. Abin ya sauya ne a 1995, lokacin da Kevin Garnett ya tsallake jami'a gaba ɗaya, Minnesota ta ɗauke shi a lamba ta biyar. Kobe Bryant ya biyo baya a 1996, Tracy McGrady a 1997, LeBron James a 2003, Dwight Howard a 2004. Waɗannan sunayen kowa ya sani. Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Korleone Young, da Detroit ta ɗauka a 1998, wasa uku ya buga a NBA ƙofar ta rufe. Lenny Cooke, wanda a wani lokaci ake ambatonsa a sahu ɗaya da LeBron, ya sa sunansa a 2002 babu ƙungiyar da ta kira shi. Irin waɗannan labaran NBA ta riƙe hujja, ta ce tana kare yara ne.

A ganina kariyar ta fi komawa ga masu kulob. Kafin 2006, manaja zai zuba miliyoyin daloli a kan yaron da bai taɓa karawa da kowa ba sai 'yan sakandare. Washington ta yi haka da Kwame Brown a 2001, ta ba shi lamba ta ɗaya, bai kuma zama abin da aka yi zato ba. Da dokar ta zo, sai kulob ya samu shekara guda yana kallon yaron yana gwabzawa da ƙarti 'yan shekara 22, a gaban dubban mutane, ba tare da ya kashe ko sisi ba. Yaron kuma zai iso NBA da sunansa ya riga ya zagaye ƙasa. Su ma tsofaffin 'yan wasa da suka sa hannu suna da nasu lissafin, domin duk yaron da aka tsayar a waje, gurbin wani dattijo ne ya tsira na shekara guda.

Ita kanta shekarar ma ba ta cika shekara. Yaro zai iso harabar jami'a da bazararsu ko a watan Agusta. Kaka tana farawa a Nuwamba, ta ƙare a Maris, in an yi nisa sosai a farkon Afrilu. Abin da ake buƙata daga gare shi don ya ci gaba da wasa bayan hutun Disamba shi ne ya ci 'yan darussa kaɗan a zangon farko. Ana busa usur na ƙarshe, da yawa sai su koma wurin masu horar da su na musamman, suna shirin gwajin da NBA take yi a watan Mayu a Chicago, inda ake auna tsayi da tsawon hannu da tsalle da gudu. Kyrie Irving wasa 11 kawai ya buga wa Jami'ar Duke saboda ciwon yatsan ƙafa, amma shi aka fara ɗauka a 2011. Wannan ba karatu ba ne a ma'anar da iyaye suka sani, kuma ban ga laifin yaron ba, tunda ba shi ya tsara abin haka ba.

Kocin da ya rungumi tsarin ba tare da ɓoye-ɓoye ba shi ne John Calipari, wanda ya riƙe Jami'ar Kentucky daga 2009 zuwa 2024. A fili yake gaya wa yara su zo ya shirya su su wuce. A zaɓen 2010 'yan wasansa biyar aka ɗauka a zagayen farko, John Wall na kan gaba. A 2012 ya ci kofin ƙasa da sababbin ɗalibai irin su Anthony Davis da Michael Kidd-Gilchrist, watanni kaɗan bayan haka aka ɗauke su a lamba ta ɗaya da ta biyu. An zage shi sosai, aka ce ya mai da jami'a zangon matafiya. Sai ga Duke, wadda take alfahari da riƙe ɗalibanta, ta ci kofin 2015 da yara uku da suka fice a shekarar. Daga 2010 zuwa 2022, shekara 13 a jere, duk wanda aka fara ɗauka a NBA ɗan kaka ɗaya ne.

Ranar 20 ga Fabrairun 2019 ta nuna abin da ke cikin tsarin ƙarara. Duke na karɓar baƙuncin Jami'ar North Carolina, tikiti ya yi tsadar da ake sayar da shi dubban daloli a bayan fage, tsohon shugaban ƙasa Barack Obama na zaune a bakin fili. Kowa Zion Williamson na Duke ya zo gani. Ba a cika minti ɗaya da farawa ba, ya dasa ƙafar hagu zai juya, takalminsa na Nike ya yage, ƙafar ta ɓullo ta gefe, ya faɗi yana riƙe da gwiwa. Mai gidan talabijin ya samu nasa a daren, mai takalmi da koci da jami'a duk suna da kwantiragi, shi kaɗai ne ba a yarda ya karɓi komai ba bayan kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka tuna cewa kwantiragin nuna gasar jami'o'i ta watan Maris da aka sa wa hannu a 2010 ya kai dala biliyan 10.8 na shekara 14. Allah ya taƙaita wa Zion, targaɗe ne, ya warke aka ɗauke shi a lamba ta ɗaya. Nerlens Noel na Kentucky bai yi wannan sa'ar ba: ana hasashen shi ne zai zo na farko a 2013, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Fabrairu, ya zame zuwa na shida.

Wanda ya ga haka ba zai ce wa yaron da ya tabbata za a ɗauke shi a zagayen farko ya zauna ba. Kwantiragin zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara biyu na miliyoyin daloli, ko ya ji ciwo ko bai ji ba. Digiri kuma ana iya komawa a ƙarasa shi. Jordan ya koma ya gama a 1986, Shaquille O'Neal a 2000, Stephen Curry da ya bar kwalejin Davidson a 2009 ya karɓi nasa a 2022. Inda hankalina ya fi tashi shi ne yaran da ke can ƙasa, waɗanda dillalai da 'yan'uwa suke hure wa kunne cewa sun isa. Zagaye na biyu ba shi da wannan tabbaci, wanda kuwa ya bar sunansa har wa'adin janyewa ya wuce, ba a kuma kira shi ba, ya yi biyu babu, domin gurbinsa na jami'a ya tafi. Cikin 'yan wasan kwandon jami'o'in NCAA, kusan ɗaya cikin 100 ne NBA take zaɓa. Shi ya sa gyaran da aka yi a 2016 yake da amfani: yaro na iya sa sunansa, ya je gwaji, ya ji ra'ayin ƙungiyoyi, in ya ga ba haske ya janye cikin kwana 10 bayan gwajin ya koma aji.

'Yan Afirka ma sun bi ta wannan ƙofa. Joel Embiid, haifaffen Yawunde a Kamaru, kaka ɗaya ya yi a Jami'ar Kansas, Philadelphia ta ɗauke shi na uku a 2014, ya zama gwarzon NBA a 2023. Precious Achiuwa, ɗan Fatakwal, ya yi tasa a Jami'ar Memphis, Miami ta ɗauke shi a 2020. Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya fito daga makarantar horaswa ta NBA da ke Senegal, ya yi shekara a Duke, aka zaɓe shi na 10 a 2025.

Wasu kuma sun ƙi jami'ar, suka nemi inda za su yi jiran ana biyansu. Brandon Jennings ya tafi Italiya a 2008, Emmanuel Mudiay ya tafi Sin a 2014, LaMelo Ball ya tafi Ostireliya a 2019. NBA da kanta ta kafa wata ƙungiya mai suna G League Ignite a 2020 don irin waɗannan yara, amma ta rufe ta a 2024, saboda kuɗi ya riga ya shiga jami'o'in.

Wannan shi ne babban sauyin da aka samu. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙoli, da bakin alƙalanta tara gaba ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a wata shari'a kan alfanun da ake hana ɗalibai 'yan wasa, daga 1 ga Yuli na shekarar kuma aka ba su damar cin kuɗin sunansu da hotonsu ta hanyar talla, abin da ake taƙaitawa da NIL. A Yunin 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Nan take lissafin yaran tsakiya ya juya. Wanda ba shi da tabbacin zagayen farko yanzu yana iya samun abin da ya fi na ƙaramar gasar ƙwararru ta NBA in ya zauna a makaranta. A 2025 mutum 106 ne suka nemi shiga zaɓen da wuri, adadi mafi ƙanƙanta cikin shekara 10. Abin da wa'azin muhimmancin ilimi ya kasa yi shekara da shekaru, biyan haƙƙi ya yi shi cikin ɗan lokaci.

Ga manyan taurari kuwa, shekarar jiran tana nan daram. Kwamitin da Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, ta jagoranta a 2018, bayan binciken FBI kan cin hanci a harkar ɗaukar yara zuwa jami'o'i, ya ba da shawarar a soke dokar. Da NBA da 'yan wasanta suka sabunta yarjejeniya a 2023, suka bar ta yadda take. Saboda haka yara suka koma rage hanya ta ƙasa. Cooper Flagg ya gama sakandare shekara guda kafin lokacinsa, ya yi kakarsa a Duke, Dallas ta ɗauke shi a lamba ta ɗaya a Yunin 2025 yana da shekara 18. An haife shi ranar 21 ga Disambar 2006, wato da kwana 10 kacal ya shiga cikin sharaɗin cika 19 a shekarar.